Shaidar da Ban Rubuta Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga Gazawa, zuwa ga ɗana Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kamyo, motar kayan nan, ya sauke ka lafiya, kai da akwatinka da tabarmar da innarka ta dage sai ka ɗauka. Allah Ya tsare ka a hanya, Ya tsare ka a masauki, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Ya kuma ba ka haƙuri da masu tare ka su ce sun san ubanka, don yawancinsu sun san ni ɗin da gaske.

Na cusa wannan takarda ƙarƙashin rigunanka don kada ka gan ta sai ka isa. Kwana uku ina neman in zaunar da kai in gaya maka da baki, amma duk sa'ad da na buɗe bakin sai wasa ya riga maganar fitowa, ka yi dariya, in yi dariya, a kira salla. Takarda ba ta dariya, shi ya sa na zaɓe ta. Ka yi haƙuri da rubutun. Shekara uku na yi a lakol, makarantar boko, a ta huɗu mushe, malaminmu, ya gaya wa kakanka cewa yaron nan zai fi amfani a kasuwa, kuma bai yi ƙarya ba.

Ga maganar tun da fari, kada in ɓata ka. An ba ka aikin magatakarda a gidan shari'ar da na zauna shekara uku a yamma, kafin a maido ni nan gabas. Babban littafin da ake rubuta hukunci zai zama a hannunka. A cikinsa akwai shafi guda da na sa aka rubuta ƙarya, na sa hannu. Saboda shafin nan wata mata mai suna Tasalla, ta Garin Tanko a ƙasar Sae Sabuwa, ta rasa gonar marayunta. In ba a gyara ba kafin ruwan fari ya sauka, ba za ta ƙara gyaruwa ba. Abin da nake so ka yi yana can ƙasa. Amma bari in bi da kai ta hanyar da na bi har na kai ga shafin, don kai ma yau ka sa ƙafa a bakinta.

Ka san asalina mai awon gyaɗa ne a Cadawa. Manoma su yi layi tun hantsi da buhunansu, rana ta yi zafi, rai ya ɓaci, ni kuwa in hau kan buhu in yi ta ba su dariya don kada a yi faɗa a gaban ma'auni. Sana'ata ta gaskiya ke nan, awon kuwa ƙari ne. Da aka ce za a zaɓi mutanen da za su tafi majalisa a Yamai, 'yan jam'iyya suka zo neman wanda ke iya tara jama'a kuma yana iya rubuta sunansa. A duk kasuwar mu biyu ne. Ɗayan yana da in'ina.

A majalisa an zaunar da ni bayan wani Bazabarme mai tabarau wanda ya yi karatu mai zurfi. Ana magana da Faransanci irin wanda ba a koyar da shi a aji uku. Sai na yi dabara: in ya ɗaga hannu in ɗaga, in ya sauke in sauke. Ya lura, amma mutumin kirki ne, sai ya riƙa ɗagawa a hankali don in cim ma shi. Duk zamana a can ban taɓa miƙewa na ce ban gane ba, a sake faɗi. Ina tsoron a ce ɗan gyaɗa ne. Har yau akwai dokokin da nake yanke wa mutane hukunci da su, an ce da ƙuri'ata aka yi su, ni kuwa sai a kujerar shari'a muka fara gaisawa.

To, kai ka yi karatun da ya ninka nawa sau huɗu, amma ranar da ba ka gane ba za ta zo. Ka ce ba ka gane ba. Za a yi maka dariya ta minti ɗaya, ni na san farashin dariya, ba ta da tsada. Kada kuma ka sa hannu a ƙarƙashin abin da ba ka karanta ba, ko da mai miƙo maka takardar yana tsaye yana buga ƙafa.

Kuskure na biyu ya fi wannan girma, kuma a bainar jama'a na yi shi. Kai ka tashi a gari da lakol, don haka bari in tuna maka yadda aron gona yake. Baƙo ya zo gari ba shi da ƙasa, mai gona ya ara masa. Ba haya ba ce. Sai dai kowace kaka, bayan an yanke gero, mai aro ya ɗaure dami ɗaya ya kai gidan mai gona da rana tsaka, kowa na gani. Damin nan bai ciyar da gida ko na mako guda. Amfaninsa a gani ne, a san gonar ta wane ce, ko da mai aron ya shekara talatin a cikinta. Mai aro kuma ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya. Takardar ƙauye ke nan, kuma ta fi tamu wuyar ci ga gara.

Lokacin da ake haramar karɓar mulkin kai, jam'iyya ta riƙa yawo da ni kasuwa-kasuwa a bayan kamyo. Muka je Gidan Rumji ranar kasuwa. Wanda ya yi magana kafin ni ya sha tafi sosai, abin ya tsaya mini a rai. A Yamai na sha jin manya suna cewa gona ta mai noma ta ce. Ba doka ba ce a lokacin, magana ce ta bakin manya, kuma ko su ba su faɗi yadda za a yi da ita ba. Ni na faɗa. Na hau kan kamyo na ce, "Nasara zai tafi, dami ma ya bi shi. Daga bana kada mai aro ya ƙara kai wa kowa ko zangarniya ɗaya." Makaɗa suka ɗauka, mata suka yi guɗa, na sauko ana riƙe mini hannu kamar na ci kokawa. Da yamma na ci tuwo na manta. Mutanen da suka zo kasuwa daga ƙauyuka ba su manta ba.

Sani, daga yau bakinka ba naka ba ne kai kaɗai. Mutumin ƙauye ya tare ka a bakin buro, ofishinku, ya tambaye ka, kai kuma ka ce "ina jin haka ne," kafin ya isa gida ta zama "gwamnati ta ce." In ba ka sani ba ka ce ya jira zuzu, alƙali ke nan. In ka ji ana tafa maka, ka tsaya ka tuna abin da ka faɗa yanzun nan, don galibi a wurin kuskuren yake.

Yadda na zama alƙali kuwa, ba wani abin alfahari ba ne. Bayan an karɓi mulki aka sake jera sunayen masu zuwa majalisa, aka duba sama aka duba ƙasa, babu nawa. Alƙalan Nasara kuma suna ta ɗaure kaya, kujeru babu kowa. Wani babba ya kira ni ya ce, "Garba, ka san al'ada, kuma mutane suna son ka. Za mu ba ka shari'ar gona da aure da gado." Na yi godiya har da durƙuso. Da ina da hankali da na ce masa rabi na biyu na maganarsa shi ne dalilin da bai kamata a ba ni ba. Ɗan majalisa aikinsa kowa ya koma gida yana murna da shi. Alƙali kuwa in kowa ya koma gida yana murna da shi, to akwai wanda aka cuta bai gane ba tukuna.

Na shiga shari'a da halin neman ƙuri'a. Kome aka kawo in raba biyu. Har jaki na taɓa rabawa: kwana uku wurin wannan, kwana uku wurin wancan, ranar Juma'a ya huta. Aka yi ta ba da labarin a kasuwanni, ana cewa Zuzu Garba akwai hikima. Jakin kuwa na mutum ɗaya ne, kuma da na tambayi maƙwabta biyu da na san ko na wane ne. Kai ba kai za ka yanke hukunci ba, amma za ka ga mutane suna fita gidan shari'a rai a ɓace, wasu su zage ka a hanya. Kada ka bi su da lallashi. Aikin ne haka.

Yanzu ga Garin Tanko. A shekarata ta biyu a kan kujera muka fita rangadin shari'a da rani, aka shimfiɗa mini tabarma da kujera a ƙarƙashin wata tsamiya. Gari duka ya fito, har da shugabannin jam'iyya na wurin, suna zaune kusa da ni da hulunansu. Aka kira ƙarar Tasalla. Mijinta, marigayi Baƙo, ɗan tsohon gida ne, kakanninsa daga Tibiri suka sari dajin. Shi ya ara wa wani mutum mai suna Idi gona, lokacin da Idi ya hauro daga kudu da matarsa da jaki ɗaya. Idi ya kai dami shekara da shekaru. Bayan maganata ta Gidan Rumji ya daina. Baƙo ya ji nauyin ya je ƙofar mutum yana tambayar dami ɗaya, ya yi shiru kaka uku, ya rasu. Ya bar 'ya'ya huɗu da gona ƙarama mai jigawa. Tasalla ta nemi a maido babbar, ko a raba, ko aƙalla Idi ya amsa cewa ta marayu ce.

Na tambayi Idi, "Gonar wa kake noma?"

Ya ce, "Tawa, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa kai dami?"

Ya dubi 'yan jam'iyya, ya dube ni, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai maganar dami kai ka kashe ta. Ina nan gindin kamyon, har hularka ta faɗi ni na miƙa maka."

Wuri ya ɗauki dariya. Ni ma na yi. Ka lura da amsarsa, Sani, bai ce bai taɓa kaiwa ba. Ko ɗan aji uku ya ga haka, kuma na gani. Amma in na ce gonar ta Baƙo ce, to na tsaya gaban gari na ce abin da na faɗa a kan kamyo shirme ne, ga masu huluna suna saurare. Na ji ina neman ƙofa.

Na ce wa Tasalla, "Kina da shaida?"

Ta ce, "Ina da shi, Zuzu. Mutanen gari sun ce ba su shiga tsakani. Amma ga Jaɓɓi."

Sai wani dattijon Bafillace ya taso daga bayan taro da sandarsa da malfarsa. Shi ke sauka da shanunsa a gonar kowace kaka don su ci kara su bar taki. Ka san kakarka, uwata, Babarbariya ce, don haka tsakanina da kowane Bafillace akwai wasa tun daga kakanni. In zage shi, ya zage ni, ba mai fushi, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Da na gan shi na ga ƙofar da nake nema.

Na ce, "Wa ya kwance mini bawana ya bar shanu ba mai tsaro?"

Ya ce, "Kai Babarbare, wa ya ɗora ka kan kujera? Sauko ka riƙe wa ubangidanka sanda." Aka yi dariya. Sa'an nan ya gyara tsayuwa ya ce, "Gonar ta Baƙo ce. Shekarar da na fara sauka, Idi da kansa ya kai ni gidan Baƙo ya ce in gai da mai gona. Damin kuma takarkarina ke kai shi, kowace kaka, don jakin Idi ya mutu."

Na ce, "To a kira takarkarin, shi ya ɗauki kayan. Na fi yarda da shi, shi bai taɓa zuba ruwa a nono ba."

Mutane har da riƙe ciki. Jaɓɓi dole ya rama, al'ada ce, ya ce da takarkarin ya zo, da shi za a ba kujerar, don ya fi ni kai. Ya sake maimaita maganar dami, na sake juya ta. Sau uku yana faɗin gaskiya ina rufe ta da dariya. A na ƙarshe ya cire malfarsa, ya rage murya ya ce, "Zuzu, wannan ba wasa ba ne. Marayu ne." Na ce, "Jama'a, Bafillace ya ce ba wasa, kowa ya ƙirga awakinsa." Ya dube ni ɗan lokaci, ya mai da malfarsa, ya ratsa taro ya tafi. Ba shi da damar yin fushi da ni a gaban mutane, kuma na san haka tun kafin in fara.

Wasan nan kakanni sun bar mana shi don kada a zub da jini a bakin rijiya. Ni na ɗauke shi na toshe bakin shaida. Jinin Barebari yana jikinka kai ma, da na ɗan gyaɗa mai ba da dariya. Ka yi wasanka a kasuwa, a wurin biki, a gindin rijiya. In an buɗe littafi, ko abokin wasanka ne ya tsaya, ka ɗauke shi kamar baƙon da ba ka taɓa gani ba.

Magatakardana na lokacin, dattijo ne mai tsoron Allah da tsoron zuzu, na biyun ya ɗan fi yawa. Ya matso ya ce, "In rubuta Bafillacen?" Na ce, "Wasa muka yi. Ana rubuta wasa?" Ya rubuta cewa mai ƙara ba ta kawo shaida ba. Na yanke gona ta Idi ce, na sa hannu da irin lanƙwasar nan da na koya a Yamai. Tasalla ta gyara goyonta ta ce, "Na ji, Zuzu," ta tafi. Aka kawo mana fura.

Ban ɗora wa dattijon magatakardan laifi ba, ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Amma na sha tunani, da ya sake tambayata sau ɗaya, da murya yadda na kusa za su ji, da ban iya ba. Kujerarsa ce aka ba ka. Duk wanda ya tsaya ya yi magana, ka rubuta sunansa da abin da ya ce, ko zuzu ya ɗauka ko ya zubar. In an ce kada ka rubuta, ka tambaya kuma, da ladabi, a fili. Magatakarda ba shi da iko, amma alƙali yana jin kunyarsa fiye da yadda kake zato.

Aka maido ni Gazawa, na ce magana ta wuce. Wata uku da suka shige, kana Yamai wurin jarrabawa, na dawo daga gidan shari'a na tarar da mace zaune a zaure, ƙafafu duk ƙura. Ban gane ta ba sai da ta yi magana. Ta biyo masu zuwa kasuwa, kamyo biyu da tafiyar ƙasa. Innarka ta riga ta ba ta ruwa. Muka gaisa, na tambayi yara, ta ce suna lafiya, manyan biyu suna ƙwadago a gonakin mutane.

Ta ce, "Zuzu, tambaya ta kawo ni, ba ƙara ba. Yanzu ni ma gonar aro nika noma, wani ya ji tausai ya ba ni. Kaka biyu ina kai mashi dami. To shi ne na ce in zo in ji daga bakinka, tun da kai ka san doka. In ci gaba da kaiwa, ko ni ma in daina ta zama tawa?"

Sani, shekara hamsin da 'yan kai ban taɓa rasa amsa ba. Na buɗe baki, na nemi ko ɗan wasa guda, babu. Innarka tana tsaye bakin ƙofa, ta ce, "Malam, ana tambayarka." Na ce wa Tasalla ta ci gaba da kaiwa. Ta ce, "To. Haka ni ma na gani."

Da za ta tashi ta ƙara da cewa Idi ya haƙa ramuka a gonar, layi-layi, ya yi wa ma'aikatan gona magana su kawo masa dashen mangwaro, yana jiran ruwan fari. Ka san abin da wannan ke nufi. Ranar da itacen ya kama ƙasa, ko wane alƙali ya zo zai ce ga hukunci a littafi, ga itace a gona, magana ta ƙare. Jaɓɓi kuma ya tsufa ƙwarai. Yana nan kusa da rijiyar garin da shanunsa, amma da hadari ya fara haɗuwa zai yi arewa, kuma ba kowace shekara ake dawowa da tsoho ba.

Kuskurena na ƙarshe sabo ne, bai ko bushe ba. Wata uku ke nan na sani, ban yi kome ba. Na rubuta takarda sau uku na yage. Ba don ina shakkar gaskiya ba. Kujerar nake so. Ina son gardin nan mai tsaron ƙofa da ke ƙamewa in na shigo, ina son a ce Zuzu ya iso a wurin suna a matsa mini. Alƙalin da ya rubuta da hannunsa cewa ya ɓoye shaida, ba a barinsa kan kujera, kuma ma'aunin gyaɗa ya daɗe da samun wani. Innarka ba ta ce mini kome ba sai sau ɗaya. Ina cin tuwo ta ce, "Geron bana ya yi kyau, ko na Garin Tanko ya ya yi?" Ta ɗauki kwanonta ta shiga ɗaki. In ka gane ka yi kuskure, ka gyara shi a ranar. Kwana ɗaya in ya shiga tsakani sai ka fara samun dalilai, kuma dalilan masu kyau ne, nawa har sun fi ashirin.

Ga abin da nake roƙonka. A cikin wannan takarda akwai wata, da Faransanci, da sa hannuna. Na faɗi ranar, na faɗi sunan Jaɓɓi da abin da ya ce, na faɗi cewa ni na hana a rubuta, na roƙi a sake zaman shari'ar. Ka ba sabon zuzu hannu da hannu, ranar da ka fara aiki, kada ka bari sai kun saba ka fara jin nauyi. Kada ka gyara Faransancin ko da ya sa ka hawaye, in ka gyara za a ce kai ka rubuta. Ban aika ta gidan waya ba don za ta bi ta buro, a buro kuwa ina da abokai masu ƙaunata, za su ɓoye ta don su cece ni. An ce sabon zuzun yaro ne mai karatu, ba ya dariya. Allah Ya ƙara masa.

In ya ba da izini, ka nemi a aika wa Idi ya dakata da dashe, a kuma ɗauki maganar Jaɓɓi tun yana kusa. In kai aka tura wurin Jaɓɓi, zai tambaye ka ɗan wane ne, kuma da ya ji zai fara. Zai ce maka ɗan bawansa, zai tambaya ko ubanka ya koyi sanya wando. Kada ka rama ko kalma ɗaya sai ya gama shaidarsa ya dangwala yatsa. Bayan nan ka rama mini da kyau.

Kada ka yi wa Tasalla alkawarin kome, hukunci ba naka ba ne, ba nawa ba ne kuma yanzu. Kada kuma ka ɗaure wa Idi fuska. Ba mugu ba ne. Ya zuba gumi a gonar nan fiye da shekara ashirin, yana da iyali, kuma da bai ji wani wawa a kan kamyo ba da har yau yana kai daminsa suna zaune lafiya. Mai yiwuwa a bar masa wani yanki ya ci gaba da noma. Wannan na zuzu ne da dattawan gari. Abin da nake so kawai a rubuta abin da aka faɗa a gindin tsamiyar nan.

Na san abin da na ɗora maka. Makon farko na aikinka za a ce ga ɗan alƙalin da ya ɓoye shaida, wasu kuma su ce ga yaron da ya tona wa ubansa asiri, su biyun kuma a kasuwa ɗaya za ka same su. In ka ga ba za ka iya ba, ka ba wani amintacce ya miƙa, ba zan yi fushi ba, albarkata tana tare da kai ko ta wace hanya. Abu ɗaya ne ban yarda ba, takardar ta kwana a akwati har ruwa ya sauka.

In an sa ranar zama, za a kira ni, kuma zan zo. Zan tsaya a kan tabarmar da ban taɓa tsayawa ba, ta gaban kujera. Kai ne mai kiran sunaye. Ka kira ni yadda ake kiran kowa, Garba ɗan Abdu, ban da Zuzu, ban da Baba. Na san halina, da na ga taro bakina zai fara ƙaiƙayi. In ka ji na fara ba mutane dariya, ka ɗaga kai daga littafin ka ce, "A maimaita, ban rubuta ba." Ka yi ta faɗi har in faɗe ta yadda za ta rubutu.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a gida ɗaya, kada ka zama na kowa. Ƙannenka suna gaishe ka, sun riga sun raba ɗakinka. Ka riƙe salla a kan lokaci. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da na masauki, Ya tsare hannunka da bakinka, Ya sa ka gama aikin nan da mutuncinka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ɗan jinkirta mana ita kwana kaɗan. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Garba ɗan Abdu.